Baƙi sun kamu da kwalara a masaukina, lauya ya aiko takarda: inshorar alhaki za ta tsaya mini?

Mai Masauki:

Assalamu alaikum. Don Allah duk wanda ya san harkar inshora daga ciki ya haska mini, kaina ya ɗaure.

Ina da ɗan masauki mai ɗaki 14, da kicin, da ƙaramin zauren taro. A watan jiya hukumar lafiya ta sanar da ɓarkewar kwalara a yankinmu. Ana tsakiyar haka wata ƙungiya ta kama zauren ta yi taro, mutanenta suka cika ɗakunan. Bayan sun watse sai muka ji mutum huɗu cikinsu sun kwanta da amai da gudawa. Uku sun warware. Na huɗun dattijo ne, ya daɗe a asibiti, an ce ruwan jikinsa ya ƙare har abin ya taɓa masa ƙoda. Yarinyar da ke gyara mana ɗakuna ita ma ta kwanta, amma alhamdu lillahi ta miƙe. Jami'an lafiya sun zo sun ɗebi ruwan tankinmu, sun ce a rufe kicin sai sakamako ya fito. Ruwan kuwa idan famfo ya ɗauke wurin masu tanka muke saye, kuma a makon taron an yi mana juye.

Jiya takarda ta iso daga lauyan 'ya'yan dattijon. Yana cewa a wurina mahaifinsu ya ɗauki cutar, wai na san ana annoba amma ban tsare ruwan da nake ba baƙi ba. Suna neman kuɗin asibiti da diyya, sun ba ni kwana 14 ko su tafi kotu.

Tun da na buɗe wurin nan nake biyan inshora, ban taɓa fashi ba. Takarda ɗaya ce ta haɗa gobara da sata da sashen alhaki, wato idan wani ya cutu a harabata. Na kira wakilin kamfanin, kafin ma in gama bayani ya ce, "Hajiya, ai annoba ba ta cikin inshora, tun korona kowa ya san haka." Ga shi ƙarshen wata mai zuwa inshorar ke ƙarewa, kuma a takardar sabuntawa da suka turo na ga an ƙara shafi guda a kan cututtuka masu yaɗuwa, wanda babu shi a ta bara.

To maganar wakilin nan haka take? Idan aka je kotu wa zai biya lauya? Yarinyar da ta kwanta fa? Da cinikin da nake rasawa tun da aka rufe kicin mutane suka fara fasa kama ɗaki?

Sai abin da ya fi damuna. Dattijon nan mutumin kirki ne, kullum ya fito sai ya tsaya ya gaisa da ma'aikata yana sa musu albarka. Zuciyata na so in je in duba shi, in ma rage musu wani abu cikin kuɗin asibiti. Ɗana ya ce kada in kuskura. Ni kuma ina jin nauyin a ce mutum ya kwana a wurina ya tafi da ciwo ban ko leƙa shi ba.

Tsohon Dillali:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba dattijon lafiya, ke kuma Ya fid da ke. Na daɗe ina dillancin inshora, kafin nan kuma na zauna a teburin biyan diyya, don haka zan gaya miki yadda ake kallon irin wannan takarda idan ta iso ofis.

Yau ɗin nan, tun kafin ki gama karanta sauran maganata, ki sanar da kamfanin a rubuce. Ba ta waya ba. Imel, ko wasiƙar da za a buga miki hatimin karɓa. Ki haɗa da kwafin takardar lauyan, ki ambaci duka mutum huɗun da yarinyar, ba dattijon kaɗai ba, domin sauran ukun ma suna iya tasowa gobe. Kusan kowace inshorar alhaki tana da sharaɗin a sanar da kamfani da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin ƙara, kuma na ga masu gaskiya sun rasa haƙƙinsu saboda jinkiri kawai. Abin da wakili ya faɗa a waya ba amsar kamfani ba ce, shi aikinsa sayarwa. Idan kamfani zai ƙi, sai ya rubuto ya nuna sakin layin da ya dogara da shi.

Maganar tasa kuwa ya cakuɗa abu biyu ne. Rigimar da aka yi lokacin korona yawancinta a kan asarar ciniki ce: gwamnati ta rufe wurare, masu otal da gidajen abinci suka ce a biya su abin da suka rasa. Wannan sashe daban ne, kuma a yawancin takardu a ɗaure yake da lalacewar dukiya, misali gobara ta ci kicin aka rufe ana gyara. Naki kuwa wani ne ya ce sakacinki ya cutar da shi, kuma domin wannan ɗin aka yi inshorar alhaki. Ki duba inda takardarki ta fayyace abin da ake nufi da rauni. A bisa al'ada za ki ga an haɗa da ciwo da cuta da mutuwa. Wato tun asali cuta tana ciki, sai fa idan an zo an zare ta da togaciya a rubuce.

Togaciyar nan kuwa ba ta daɗe ba. Cutar numfashi ta SARS ta 2002 zuwa 2003 mutum dubu 8 da 'yan kai ta kama a duk duniya, amma ta tayar wa kamfanonin inshora hankali, domin rukunin otal na Mandarin Oriental kaɗai ya karɓi dala miliyan 16 na asarar ciniki. A 2006 sai Insurance Services Office, wadda ke tsara wa kamfanonin Amurka samfurin takardu, ta fito da togaciyar ƙwayoyin cuta a inshorar dukiya. Ta ɓangaren alhaki, mai lamba CG 21 32, bugun 2009 ce, kuma tana da tsauri ƙwarai. Ta cire duk raunin da ya samo asali daga yaɗuwar cuta mai yaɗuwa, ko da ƙarar ta ce laifinki shi ne rashin sa ido a kan ma'aikaci mai ɗauke da cutar, ko rashin gwaji, ko rashin hana ta bazuwa, ko rashin sanar da hukuma. Duk ƙofar da lauya zai bi sun toshe ta. Amma ba kowa aka manna wa ita ba a wancan lokaci, ƙananan 'yan kasuwa da yawa ba su taɓa ganin ta ba. Sai da korona ta zo a 2020 kasuwar inshora ta Landan ta fito da nata rubutun, manyan kamfanonin da ke tsaya wa ƙananan kamfanonin inshora suka matsa, abin ya game ko'ina. Ni a ganina shafin da suka ƙara miki bana hujja ce a hannunki. Idan da takardar bara ta riga ta cire cuta, me za a yi da sabon shafi?

Abu na gaba da za ki nema a takardar shi ne lokacin da take aiki a kansa. Akwai wadda ke bin ranar da abin ya faru: muddin mutumin ya cutu cikin shekarar inshorar, ita ce za ta amsa ko da bayan shekara uku aka kawo ƙara. Akwai kuma wadda ke bin ranar da aka taso miki da ƙara. Idan taki ta farkon ce, sabon shafin bai shafi dattijon nan ba ko kaɗan. Idan ta biyun ce, to sanarwar da za ki aika yau ita ce za ta ɗaure sauran mutum ukun a cikin tsohuwar takarda, ta hana su faɗawa cikin sabuwa mai togaciya.

Kuɗin lauya: a yawancin takardun alhaki kamfani ne ke ɗaukar nauyin kare ki, shi zai naɗa lauya ya biya shi, ko da a ƙarshe ƙarar ta zama ba ta da tushe. Mutane diyya suke hange, amma a ƙarar cuta sau da yawa kuɗin lauyoyi da na ƙwararrun da za su ba da shaida su ne ke karya ƙaramin ɗan kasuwa. Ki duba ko wannan kuɗi a cikin iyakar da aka yanka miki yake ko a wajenta, domin idan a ciki yake, duk abin da lauya ya ci ya rage na diyya.

Yarinyar kuwa ba ta shiga nan. Inshorar alhakin jama'a tana cire ma'aikatanki, nasu yana ƙarƙashin inshorar ma'aikata ko asusun diyyar ma'aikata na gwamnati, gwargwadon dokar ƙasa. A Birtaniya, misali, dokar 1969 ta tilasta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙe irin wannan inshora, kuma yanzu mafi ƙarancinta fam miliyan 5 ne. Ki bincika me dokar inda kike ta ce, ki kai rahoton kwanciyarta can.

Asarar ciniki ba na so in sa miki rai. Sai idan akwai ƙarin sashe da ya ambaci rufewa bisa umarnin hukuma saboda cuta ko gurɓacewar abinci da ruwa a harabarki. Takardun otal sukan zo da shi, sau da yawa da jerin sunayen cututtuka. Ki duba ko kwalara na cikin jerin.

Mai Zauren Biki:

Hajiya sannu, Allah Ya kawo mafita. Malam Dillali ya yi bayani mai kyau, amma ni zan faɗi abin da na gani da idona. A 2020 aka rufe mana zaure, bukukuwan da aka riga aka biya kuɗinsu duk na mayar wa mutane, ma'aikata kuma ban sallami ko ɗaya ba. Na kai wa kamfanin inshorata kuka, suka ce gini bai fashe ba, kujera ba ta ƙone ba, don haka babu abin da ya same ni a wurinsu. Na rubuta, na sake rubutawa, amsa ɗaya ce. Daga baya na ji gasar tanis ta Wimbledon, da aka soke a shekarar, an biya ta sama da fam miliyan 100, saboda tun bayan SARS suke sayen inshorar annoba ta musamman duk shekara. Manya sun san inda ake saye, mu ƙanana babu wanda ya taɓa ce mana akwai irin wannan, balle mu ce muna so ko ba ma so.

Shi ya sa nake ce miki kada ki jingina da su gaba ɗaya. Ki aika musu takardar kamar yadda Malam ya ce, amma ki nemi lauyanki na kanki ya karanta miki komai. Wa'adin kwana 14 ba zai jira su ba, su kuwa sun iya jan ƙafa.

Barista:

Hajiya, Allah Ya sawwaƙe. Alhaji mai zaure, abin da ya same ka ya samu dubban mutane, kuma a Amurka yawancin kotuna sun goyi bayan kamfanonin a kan wannan hujja ta cewa ƙwayar cuta ba ta lalata gini. Amma ba ko'ina aka tashi haka ba. A Birtaniya hukumar FCA mai kula da harkar kuɗi ita da kanta ta kai kamfanoni 8 kotu a madadin masu inshora, kuma ranar 15 ga Janairu 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya fi karkata ga 'yan kasuwa, a shari'ar da aka ƙiyasta ta shafi masu inshora kusan 370,000. A Afirka ta Kudu wani gidan abinci mai suna Café Chameleon ya yi nasara a kan kamfanin inshora na Guardrisk a kotun ɗaukaka ƙara a Disamba 2020. A Faransa kamfanin inshora na AXA ya ware yuro miliyan 300 a 2021 don sasantawa da masu gidajen abinci kimanin 15,000. Na Ostareliya ya fi ba ni mamaki: togaciyar kamfanoni da yawa ta dogara ne da dokar killace masu cuta ta 1908, alhali an riga an soke ta an maye gurbinta da ta 2015, sai kotu ta ce togaciyar ba ta kama korona ba. A duk waɗannan rubutun takarda aka bi layi-layi. Ƙa'idar da kotuna da yawa ke bi ita ce kamfani ne zai tabbatar togaciya ta kama, kuma idan rubutun na da harshen damo, a kan wanda ya rubuta shi ake fassara shi.

Yanzu ƙarar kanta. Ba a kama mutum don kawai wani ya yi ciwo bayan ya kwana a wurinsa. Sai sun nuna kin gaza yin abin da mai masauki mai hankali zai yi a lokacin annoba, sannan su nuna wannan gazawar ce ta fi rinjaye a matsayin sanadin ciwon. A korona wannan na biyun ne ya kashe ƙararraki da yawa, domin cutar tana ko'ina, ba mai iya rantsuwa a ina ya shaƙe ta. Jihohin Amurka da dama, irin su Jojiya da Fulorida, har dokoki suka yi na kare 'yan kasuwa sai idan sakacin ya yi muni, kuma a Yuli 2023 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta ce mai kamfani ba ya ɗaukar alhakin matar ma'aikacinsa da ta kamu ta hanyar mijinta. Kwalara ba haka take ba, gaskiya zan gaya miki. Tana bin ruwa da abinci, ana iya bin sawunta har tanki. Saboda haka sakamakon gwajin nan yana da nauyi, haka nan inda baƙin suka ci suka sha a waje.

Ki tattara rasit na masu tanka, da lambar motar, da ranar juye, da duk saƙonnin da kuka yi. Idan daga wurinsu gurɓacewar ta zo, ana iya jawo su cikin shari'ar, kuma kamfanin inshora idan ya biya yana da ikon ya bi su ya karɓo. Kada ki yi wata yarjejeniya da su ta yafiya, za ki ɓata wa kamfanin wannan dama, shi kuma ya riƙe ki da ita.

Zancen dubiya: ɗanki yana da hujja, ke ma kina da ita. Takardarki kusan tabbas ta hana ki amsa laifi ko biyan kuɗi ba da yardar kamfani ba. Ba ta hana ki zumunci ba. A Ingila dokar diyya ta 2006 ta faɗa ƙarara cewa ba da haƙuri ko tayin magani shi kaɗai ba amsa laifi ba ne, amma ba kowace ƙasa ke da irin wannan doka ba. Ki je ki gaishe shi, ki yi masa addu'a, ki tafi da mutum ɗaya. Idan aka ɗauko zancen ruwa ki ce yana hannun hukuma. Kuɗi kuwa ki dakata. Ki tambayi kamfanin a rubuce, wasu takardun suna da ɗan sashe na biyan kuɗin magani ba tare da an tsaya neman mai laifi ba.

Lauyan nasu a ba shi amsa ta layi biyu cikin wa'adin: an karɓi takardarsa, an miƙa ta ga kamfanin inshora. Kada a ƙara ko kalma.

Jami'ar Lafiya:

Hajiya ni ba inshora na sani ba, aikin ruwa da tsafta nake yi, amma ga abin da zai yi miki amfani. Kwalara tana nuna kanta tsakanin awa 12 zuwa kwana 5 bayan mutum ya sha ko ya ci abin da ke ɗauke da ita. Don haka ranar da kowane ɗayansu ya fara gudawa tana da muhimmanci. Wanda ya fara washegarin isowarsa yana iya yiwuwa da ita ya zo. Kuma yawancin masu ɗauke da ƙwayar ba sa nuna alama ko kaɗan, amma tana fita a bayan gidansu har zuwa kwana 10, shi ya sa mai gyaran ɗaki da wankin banɗaki take cikin haɗari ko da ruwanku lafiya lau yake.

Idan sakamako ya fito ki nemi kwafi a rubuce, ki kuma tambaya me aka gwada. Samun alamar gurɓacewa da bayan gida a ruwa daban, samun ƙwayar kwalara kanta daban. Haka nan idan ba a samu komai ba, ba a wanke ki gaba ɗaya ba, tunda ruwan da aka ɗiba ba lallai ne shi suka sha ba.

Daga yau ki sayi ɗan abin auna kulorin, ki buɗe littafi, kullum a auna a rubuta da kwanan wata da sa hannu. A lokacin annoba Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a samu aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita a bakin famfo, a tanka kuwa miligiram 2 lokacin da ake cika ta. Duk tankar da ta zo a auna kafin a juye. Ko an yi hakan a makon taron?

Mai Masauki:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na aika musu imel ɗazu da duk abin da Malam Dillali ya lissafa, sun turo lambar fayil. Malama, muna zuba kulorin a tanki duk lokacin da aka yi juye, kuma rasit ɗin sayen sa yana nan, sai dai aunawa ce ba ma yi. Gobe za a fara.

Na zauna da ɗana mun karanta takardar inshorar daga farko har ƙarshe. Ranar faruwar abu take bi. Babu inda ta ambaci cuta mai yaɗuwa. Amma mun ga togaciya biyu da suka tsorata ni. Ɗaya ta ce ba sa biyan abin da gurɓacewa ta jawo. Ɗayar ta ce ba sa biyan raunin da ya zo ta hanyar fumfuna ko bakteriya, sai dai a ƙasanta an rubuta cewa wannan bai shafi abin da ke cikin kayan da aka tanada don ci ko sha ba. Ɗana ya ce kwalara ai bakteriya ce. Malam, ta nan za su kama ni?

Sabuntawar kuma fa, in sa hannu ko in nemi wani kamfani?

Tsohon Dillali:

Madalla Hajiya, kin yi abin da ya fi muhimmanci. Tunda ranar faruwa take bi, maganar dattijon da sauran ukun ta zauna a tsohuwar takardar, ko me aka rubuta a sabuwar.

Ɗanki ya yi gaskiya, bakteriya ce ke kawo kwalara, kuma ina sa ran ta nan za su fara. Amma layin da ke ƙasa naki ne. Wannan togaciya an yi ta ne saboda ƙararrakin fumfunar gine-gine masu danshi, kuma da gangan aka bar ƙofa ga abin ci da abin sha don kada a kashe wa masu otal da gidajen abinci inshorarsu. Ƙarar da aka kawo miki cewa take yi ruwan da kika ba shi ya sha ne ya sa masa ciwo, wato lauyansu da kansa ya tura maganar cikin wannan ƙofa. Inda ake samun jayayya shi ne ruwan wanka da na kududdufin iyo, kamar yadda aka yi ta yi a kotunan Amurka a kan cutar Legionnaires, ciwon huhu da ake ɗauka daga ruwan otal-otal. Togaciyar gurɓacewa kuwa asalinta hayaƙin masana'antu ne da malalar sinadarai, kotuna sun rabu a kan ko ta kama ƙwayar cuta, kuma a wasu takardun ana mayar da kariya idan abin ya faru kwatsam ba da niyya ba. A nan ne shawarar Alhaji take da amfani: lauyanki ya karanta waɗannan sakin layi biyu da kansa.

Mai yiwuwa su rubuto cewa za su kare ki amma sun riƙe haƙƙinsu na ƙin biya daga baya. Kada wannan wasiƙa ta firgita ki, ba ƙi ba ce. Ki ba lauyanki ya amsa cewa ba ki yarda togaciyar ta kama ba.

Sabuntawa kada ki sa hannu yadda take, kada kuma ki bari rana ɗaya ta wuce ba ki da inshora. Ba a fafe gora ranar tafiya, babu kamfanin da zai buɗe miki ƙofar annoba gaba ɗaya ana tsakiyar annoba, amma ana ciniki a kan faɗin togaciyar. Ki nemi a rubuta cewa ba ta shafi ciwon da ya zo ta abinci da abin sha da kika ba baƙo ba, domin idan babu wannan, inshorar mai kicin ta zama fanko. Ki nemi a taƙaita ta ga cututtukan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana a matsayin larurar gaggawa ta ƙasa da ƙasa, kamar yadda ta yi wa korona ranar 30 ga Janairu 2020, maimakon kowace cuta da ke tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Idan sun ƙi, a ba ki kariya mai ƙaramar iyaka, ko ta kuɗin lauya kaɗai. Littafin auna kulorin da Malama ta ce ki buɗe ki nuna musu shi, yana rage musu tsoro.

Ki ba dillali mai zaman kansa ya kai takardarki kamfani biyu ko uku, na takaful (inshorar Musulunci) ne ko na gama-gari, duk rubutun za a duba. Kuma a kowane fom da za ki cike ki faɗi wannan lamari dalla-dalla, da takardar lauya, da rufe kicin. Ɓoye shi yana ba sabon kamfani damar rushe inshorar gaba ɗaya ranar da kika zo neman ta. Idan wa'adin ya matso ba a gama ciniki ba, ki roƙi kamfaninki na yanzu ya tsawaita miki tsohuwar takardar da wata ɗaya bisa tsofaffin sharuɗɗa, a rubuce.